Waiwaye: A Gwada Turke Kafin a Rataya Rai

A farkon shekarar 2010 agwagi ne suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum da ke jihar Zamfara. Ba wanda ya tsaya tambayar dalili, domin mutuwar agwagwa ba ta tara jama'a. Ba a jima ba ciwo ya faɗa wa yara ƙanana: amai, ciwon ciki, jijjiga, daga nan sai a ɗauki gawa. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi zaton sanƙarau. A watan Maris labari ya kai ga ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a yankin. Suka ba da maganin zazzaɓi, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka ɗebi jini aka aika ɗakin gwaji a Jamus kafin a gane cewa gubar dalma ce.

Dalmar kuwa mu muka ɗauko ta da hannunmu muka shigar gida. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, ya haura dala 1,000 kowane oza tun cikin 2009, manoma da yawa suka ga ashe arziki na kwance ƙarƙashin gonakinsu. Dutsen da ake haƙowa daga wasu ramukan yana ɗauke da dalma mai yawa tare da zinaren. A kawo shi a buhu, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki, ta sauka kan hatsi, ta shiga ruwan sha.

Binciken da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka yi tare da jami'an lafiya na Najeriya a ƙauyuka biyu da abin ya fi ƙamari ya nuna cewa, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da dalma, ko sun wuce shi. Ƙasar wasu wurare ta ɗauki dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke aiki da ita a lokacin ga wurin wasan yara kashi 400 ce. Aƙalla yara 400 suka rasu. Sunayen Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, 'Yargalma da Bagega suka shiga jaridun duniya ta hanyar da ba mai son garinsu ya yi suna.

Abin da ke ci mini rai duk lokacin da na waiwayi wannan shekara shi ne, na'urar hannu da masu bincike suka zo da ita daga baya tana faɗin yawan dalmar da ke cikin ƙasa ko garin dutse cikin ɗan lokaci kaɗan, a nan take, ba sai an je wani gari ba. Gwajin bai yi wuya ba, yin sa ne aka makara. Mun amince da dutsen saboda zinaren da ke cikinsa, kuma saboda an daɗe ana haƙar zinare a ƙasar nan ba a ga irin haka ba. Da ba a gwada dutsen ba, sai jikin 'ya'yanmu ya zama wurin gwajin.

Da aka tashi gyara, gwaji ne ya yi jagora. Sarakuna da masu gari suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da samarin ƙauyukan, suka bi gida gida suna auna ƙasa, su kankare ta sama, su zuba mai tsabta, su sake aunawa. Ƙauyuka bakwai aka gama tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kira a intanet har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Likitoci ba sa fara ba yaro maganin dogon zango sai an tsabtace gidansu, don kada a fitar da dalma da safe ta koma da yamma. Dubban yara suka samu kulawa a Anka da Bukkuyum da asibitocin ƙauye, har MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022.

Wannan rabin darasi ne. Ɗaya rabin yana bakin rami, kuma har yau ba mu ɗauke shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin haƙar zinare ya san yadda ake shiga: rami matsattse mai zurfi, ƙofofin taka ƙafa da aka sassaƙa a bango, igiya ɗaure a gungumen da aka gitta ko a turken da aka kafa a gefe, tocila a goshi. Da igiyar ake jawo buhun dutse, ita kuma mutum ke riƙewa. Ka tambayi mai ramin, nauyi nawa wannan turke zai ɗauka? Zai ce maka jiya ma da shi aka shiga. Amsar ke nan da ake bayarwa a ko'ina, har ranar da ba mai bayar da ita. A watan Nuwamba 2021 rami ya rufta a Garin Liman da ke yankin Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A watan Yuni 2024 haka ta faru a Galadima Kogo ta Shiroro a jihar Neja bayan ruwan sama mai yawa. A watan Satumba 2025 sai ga ta a Kadauri ta ƙaramar hukumar Maru, nan gida Zamfara. Waɗannan su ne manyan da aka ji. Saurayi ɗaya da igiya ta tsinke da shi, ko turke ya tuge, ba ya shiga labarai. 'Yan uwansa ne kawai ke sanin ranar.

Akwai wasu mutane a duniya da su ma ke rataya ransu a igiya su sauka cikin duhu, kuma yadda suka magance wannan matsala ya cancanci mu saurara. Su ne masu binciken koguna, wato kogunan dutse na ƙarƙashin ƙasa. A yankin Yokshaya da ke arewacin Ingila akwai ƙasar farar ƙasa wadda ruwa ya huhhuda ta tsawon zamani, ya bar ramuka masu zurfi. Ɗaya daga ciki, Gaping Gill, zurfinsa ya kusa mita 100, kuma wani Bafaranshe mai suna Martel ne ya fara kaiwa gindinsa a 1895 da tsanin igiya. Daga baya aka koma sauka da hawa kan igiya guda ɗaya. Nan take tambaya ta taso: a ina za a ɗaura igiyar? Sai aka riƙa huda dutse ana kafa ƙananan ƙusoshi masu buɗewa a ciki. Shekaru suka nuna aibinsu. Suna tsatsa, zarensu yana cinyewa, kuma duk wanda bai yarda da na wani ba sai ya huda nasa, har bakin rami ya cika da huji ba a san wanne ne mai kyau ba.

A farkon shekarun 1990 ƙungiyoyinsu na arewacin Ingila suka koma ga wata dabara. A huda dutse, a cika hujin da wani danƙo mai haɗi biyu wanda ke daskarewa ya yi tauri in an gauraya shi, sannan a tura turken ƙarfe marar tsatsa mai zobe a kai. Abin lura ba dabarar ba ce kawai. Ba su yarda da ita don mai sayarwa ya ce tana da ƙarfi ba. Sukan nemi dutse irin wanda ke cikin kogon, su kafa turaku da yawa a jere, su jira danƙon ya kama, sannan su kawo na'urar ja mai aiki da matsin mai, su ja kowane turke har ya fita ko ya lalace, su rubuta a nawa ya gaza. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 959 ta ce irin wannan turke ya jure ja kai tsaye na kusan kilo 1,500, da ja ta gefe na kusan kilo 2,500. Kilo 1,500 nauyin buhun siminti talatin ke nan, don mutum guda da bai kai buhu biyu ba. Dalili kuwa, wanda ya zame ya faɗo kan igiya yakan fizge ta da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, kuma ƙarfe da dutse da danƙo duk suna raguwa da tsufa. Don haka ake barin rata mai faɗi tsakanin abin da turke zai iya da abin da za a ɗora masa.

Suna kuma jan turaku da yawa, ba guda ba, saboda matsakaicin ƙarfi ba shi ke ceton rai ba. In turaku ashirin sun yi kyau, ɗaya ya gaza da wuri, wannan ɗayan ake bincika, tunda ba wanda ya san a kan wanne zai rataya. Jan ya koya musu cewa gazawa tana zuwa ta wurare huɗu: ƙarfen ya miƙe ko ya karye, ƙarfen ya zare daga danƙo, danƙon ya rabu da dutse, ko dutsen kansa ya ɓalle. Ya kuma koya musu cewa hannun mai aiki ya fi kayan aiki muhimmanci. Hujin da ba a goge shi da buroshi aka fitar da garinsa ba, danƙon yakan manne wa ƙura maimakon dutse, turken ya tsaya a ido kamar lafiyayye alhali ƙarfinsa ya tafi. Danƙon da ya wuce lokacinsa, ko bai gauraya sosai ba, ko aka ɗora masa nauyi bai gama daskarewa ba, shi ma haka. Shi ya sa ba kowa ke kafa turke a waɗannan koguna ba sai wanda aka horar, kuma ana rubuta wanda ya kafa, da ranar, da irin danƙon. Da kamfanin da ke ƙera turakun danƙo na farko ya daina, ba su karɓi kowane sabo don ya yi kama da tsohon ba, sai da aka sake jan su har su gaza. Duk da haka, mai shiga kogo yakan duba turke kafin ya ɗaura: yana motsi? Dutsen ya tsage? Igiya ta ci zoben? Kuma a bakin rami mai zurfi a turke biyu ake ɗaurawa, in ɗaya ya saki ɗaya ya riƙe.

Gwajin rana ɗaya ma bai isa ba, kuma manyan ƙasashe sun biya tsada kafin su yarda. Ranar 10 ga Yuli 2006, a wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston na Amurka, faifan kankare masu nauyin kusan tan 26 suka faɗo daga rufi kan wata mota, suka kashe matar da ke ciki. Turakun da ke riƙe da su da irin wannan danƙo aka kafa su, kuma an gwada jan su lokacin gini sun tsallake. Bincike ya gano cewa danƙon da aka yi amfani da shi yana jure ja na ɗan lokaci, amma in nauyi ya zauna kansa shekara da shekaru sai ya riƙa sakin jiki a hankali. An ma ga wasu turakun sun fara zamewa tun 1999, ba a bi diddigin dalilin ba. Ranar 2 ga Disamba 2012 rufin hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Sasago a Japan ya rufta, mutum tara suka rasu. Nan ma turakun danƙo ne da suka tsufa ba a duba su yadda ya kamata ba. Bayan haka Japan ta wajabta duba irin waɗannan hanyoyi da gadoji kusa da kusa duk bayan shekara biyar. Turaku sun yi gargaɗi a Boston yadda agwagi suka yi a Anka da Bukkuyum, kuma a duka wuraren biyu an gani an wuce.

Ba ina cewa a sayo turakun Ingila a kai ramukan Bagega ba. Turken danƙo dutse lafiyayye yake so, kuma manyan kamfanonin ma'adinai da ke riƙe rufin ramukansu da shi suna da injiniyoyi masu gwada shi. Bakin ramukanmu kuwa yawanci jar ƙasa ce da marmara da dutsen da ya ruɓe, wanda ke da tauri da rani ya yi laushi da damina. Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar, kuma ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Kafin mutum ya sauka da safe, a ɗaura buhunan ƙasa da suka ninka nauyinsa sau da yawa, a sauke su a jawo, a dubi turke da gungume ko sun motsa. A maimaita bayan kowane ruwan sama. In an sayo sabuwar igiya, a yanke ɗan guntu a ja shi har ya tsinke, a san iyakarta, a tuna cewa ƙulli yana rage ƙarfin igiya, rana kuma tana cin igiyar leda ko da ba ta nuna a ido ba. Igiyar jan buhu daban, ta riƙe mutum daban. Turke biyu, nesa da baki, ba ɗaya ba. Tarin ƙasar da aka haƙo a janye shi daga gefen rami, domin nauyinsa ne ke tura bango. Ginshiƙin da aka bari yana riƙe rufi kada a ci shi don an hango zinare a jikinsa. Janareta ko injin zuƙar ruwa kada hayaƙinsa ya shiga rami, domin yana kashewa ba tare da ya yi wari mai tada hankali ba. Sannan a samu mutum ɗaya a kowane rami wanda aikinsa dubawa ne, yana da littafi, yana da ikon cewa yau ba mai shiga, mai rami kuma ya saurare shi.

Wannan ɗabi'a ba ta masu haƙar zinare kaɗai ba ce. Mai haƙar rijiya yana bukatarta. Mai fito ma haka: a watan Satumba 2024 kwalekwale ɗauke da manoma masu zuwa gona ya kife a Gummi, gommai suka rasu. Kowane jirgin ruwa yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ana iya gano ta da buhunan yashi a bakin gaɓa, a rubuta lambar a jikinsa da fenti, maimakon a gano ta da mutane a tsakiyar gulbi.

Na san abin da za a ce. Talauci ne ke tura yaro rami, kuma wanda bai ci na dare ba ba ya jin wa'azin igiya. Rashin tsaro ya hana jami'ai kaiwa daji. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa a Zamfara a watan Afrilu 2019, wanda aka ɗage a Disamba 2024, bai hana haƙa ba, ya dai mayar da ita inda ido ba ya kaiwa. Duk gaskiya ne. Amma masu binciken kogunan nan ba gwamnati ce ta tilasta musu ba. Mutane ne masu aikin sa kai da suka gaji da shakkar abin da suke rataya a kai, suka haɗa kuɗi da lokaci suka kafa wa kansu doka. Masu ramukanmu suna da shugabanni, suna da tsarin rabon kaso da kowa ke bi ba tare da ɗan sanda ba. Wanda ya iya tsayar da dokar rabon zinare zai iya tsayar da dokar gwajin igiya. Hukuma ma tana da nata nauyin: dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi masu duba ramuka da sashen kula da ƙananan masu haƙa, kuma tunda an ɗage haramci, ya kamata a gan su. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, suna iya sayo igiyoyin da ake sayarwa a kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum su ja su har su tsinke, su fitar da sakamakon da Hausa a rediyo. Aiki ne da ɗalibai za su iya yi, kuma zai ceci rayuka.

Wasu kuma za su ce ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai tafi. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali yana nufin barin sababi ba. Rai amana ne, kuma mai ramin da ya tura ɗan wani ƙasa a kan igiyar da bai gwada ba, shi za a tambaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai rami, kafin ka ce wa yaron nan ya sauka gobe, ɗaura buhunan ƙasa ka gani da idonka. Uba, kafin ɗanka ya bi abokansa daji, tambaye shi wa ke duba igiyarsu, kuma ina ake niƙa dutsen, da ruwa ko a bushe, kuma ya wanke jiki ya sauya kaya kafin ya ɗauki ƙanensa. Mai gari, kada ka bari buhun dutse ko ɗaya ya sake kwana a cikin gida. Yara 400 sun isa su koya mana cewa abin da ba a gwada ba, ba a ɗora masa rai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba waɗanda gubar ta bari da lalura sauƙi, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani.